Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Kompaila da Laburaren Gudanarwa Domin Ginshiƙin Manhaja

Wannan shafi ya tattara tambayoyin da suka fi tasowa idan tawagar magina ta zauna domin tsayar da kayan da za ta gina ginshiƙin manhajarta da su, musamman idan da harshen C ko C++ aka rubuta shi. Ginshiƙi a nan shi ne manhajar da wasu magina ke ɗora nasu ayyukan a kanta, irin su Qt da GTK. Bayanin ya taƙaita ne ga kayan buɗaɗɗen tushe, waɗanda kowa ke da ikon karanta kod ɗinsu, ya gyara, ya kuma rarraba.

Idan an ce mu zaɓi kayan gini, me da me muke zaɓa?

Abubuwa ne da dama, sai dai yawanci a dunƙule suke zuwa, har mutum ya ɗauka abu guda ne. Akwai kompaila, wadda ke juya kod ɗin da ɗan Adam ya rubuta zuwa umarnin da masarrafin kwamfuta ke ganewa. Akwai asembla, akwai kuma linka, wadda ke ɗinke guntayen da kompaila ta fitar su zama fayil guda mai aiki. Sannan ga manhajar bin diddigin kuskure, wato GDB ko LLDB. Duk waɗannan a kwamfutar magini suke zaune, kuma mai amfani da manhajar ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

Kashi na biyu shi ne wanda ke bin manhajar duk inda ta je, wato laburaren gudanarwa. A cikinsa akwai laburaren C, kamar glibc ko musl, wanda ke buɗe fayil, ya raba ma'adana, ya kuma yi magana da babbar manhajar na'ura. Akwai laburaren C++, wato libstdc++ ko libc++. Akwai kuma wasu ƙanana da ba a cika ambatonsu ba, irin su libgcc da compiler-rt, waɗanda ke yin lissafin da masarrafi ba ya iya yi kai tsaye, tare da laburaren da ke warware jerin kiraye-kiraye idan an jefa kuskure a C++.

Ana iya gauraya waɗannan sassa, kuma sau da yawa a gauraye suke ba tare da magini ya lura ba. A yawancin rabe-raben Linux, wanda ya girka kompailar Clang ya yi gini da ita, da libstdc++ da libgcc na GNU ya yi ginin, sai fa idan ya nemi wani abu dabam a fili.

Me ya sa zaɓin ya fi nauyi ga ginshiƙi fiye da manhaja ta yau da kullum?

Domin zaɓinku ba a kanku kaɗai yake tsayawa ba. Mai manhaja guda yana iya sauya kompaila yau, ya sake gina komai, ya fitar da sabon zubi, ba wanda zai ji a jikinsa. Ginshiƙi kuwa wasu ne za su haɗa kod ɗinsu da shi, a kwamfutocin da ba ku taɓa gani ba, da kompailar da ba ku zaɓa musu ba. Duk abin da kuka dogara da shi ya zama wajibi a kansu.

Abin da ke ɗaure ɓangarorin biyu shi ake kira ABI, wato yarjejeniyar yadda ginannun fayiloli ke fahimtar juna: yadda ake jera bayanai a ma'adana, inda ake ajiye abin da za a miƙa wa aikin da aka kira, da yadda ake rubuta sunayen ayyuka a cikin fayil. Kompailolin GCC da Clang sun yi tarayya kan wannan yarjejeniya a Linux, domin dukansu suna bin ƙa'idar Itanium ta C++, shi ya sa abin da ɗaya ta gina ke haɗuwa da na ɗayar. Laburaren gudanarwa ne ba su yi wannan tarayya ba. Kompaila tamkar magini ce da za a iya sallama a ɗauko wani gini ya ci gaba, laburaren gudanarwa kuwa harsashin ginin ne, ba a sauya shi sai an rushe abin da ke sama. Saboda haka shawararmu ita ce a fara daga na'urorin da manhajar za ta yi aiki a kansu, a tsayar da laburaren, sannan a waiwayi batun kompaila. Tawagogi da yawa suna juya wannan tsari, su ɓata makonni suna muhawarar kompaila, laburaren kuma su karɓi duk wanda ya zo hannu.

GCC ko Clang?

Dukansu sun isa a gina babban ginshiƙi da su, kuma babu hujjar da za ta sa a raina ɗaya. Richard Stallman ne ya fitar da GCC a 1987 a ƙarƙashin aikin GNU, kuma bayan rabuwar kan da ta haifar da reshen EGCS a 1997, an sake haɗewa a 1999, inda ta zama tarin kompailoli na harsuna da dama. Ita ce kompailar da Debian da Fedora da Ubuntu ke gina kusan dukkan manhajojinsu da ita, kuma ta fi yawan nau'o'in masarrafin da take tallafawa, musamman tsofaffi da waɗanda ba su shahara ba.

LLVM kuwa, wato aikin da Clang ta fito daga cikinsa, a Jami'ar Illinois ta Amurka aka fara ta a shekarar 2000, a hannun Chris Lattner da Vikram Adve, sannan kamfanin Apple ya ɗauki Lattner aiki a 2005, aka kuma fitar da Clang a 2007. An gina ta ne a matsayin tarin laburarori da wasu kayan aiki za su iya ara, kuma daga nan ne clang-tidy da clangd da clang-format suka samu. FreeBSD ta mayar da ita babbar kompailarta a zubi na 10 a 2014, kayan ginin Android suka cire GCC gaba ɗaya a 2018.

Ga mai ginshiƙi, amsar da ta fi dacewa ita ce a zaɓi ɗaya domin fitar da ginannun fayiloli na hukuma, amma a riƙa gwada kowane sauyi da duka biyun. Kowacce tana hango kurakuran da ɗayar ke tsallakewa. GCC tana da mai nazarin kod na `-fanalyzer` tun zubi na 10, Clang kuma tana da MemorySanitizer mai gano karatun ma'adanar da ba a riga an sa mata komai ba, wanda babu shi a GCC. AddressSanitizer da mai gano halayyar da harshe bai fayyace ba suna nan a duka biyun. Abu mafi muhimmanci ma shi ne, kod ɗin da kompaila ɗaya tak ta taɓa gani yakan dogara da ɗabi'unta ba da sanin marubutansa ba, kuma ranar da mai amfani da ginshiƙin ya zo da ɗayar ne za a gane haka.

Wacce ce ta fi fitar da manhaja mai sauri?

Ya danganta da kod ɗin da kuma masarrafin, kuma sakamakon yakan juya daga zubi zuwa zubi. Kada ku ɗora hukunci kan gwajin da wasu suka yi da wata manhaja dabam. Ku gina naku ginshiƙin da duka biyun, ku auna ayyukan da masu amfani da shi ke yi a zahiri. Sau da yawa ribar da ake samu daga inganta kod a lokacin haɗi, wato LTO, ko daga gini bisa bayanan yadda manhajar ta yi aiki a gwaji, wato PGO, ta fi bambancin da ke tsakanin kompailolin biyu.

GCC tana ƙarƙashin lasisin GPL. Shin hakan zai tilasta wa masu amfani da ginshiƙinmu su buɗe kod ɗinsu?

A'a. Lasisin kompaila ba ya bin abin da aka gina da ita. Inda tambayar ke da tushe shi ne guntayen libgcc da libstdc++ da ke shiga cikin ginannen fayil, kuma saboda su ne gidauniyar FSF, mai kula da aikin GNU, ta sanya wani sassauci na musamman a lasisin waɗannan laburarori, wanda ya ba da damar rarraba abin da aka gina a ƙarƙashin kowane lasisi. LLVM ta koma lasisin Apache 2.0 a 2019, tare da nata sassaucin mai irin wannan manufa, kuma lasisin na Apache ya ƙunshi izinin amfani da haƙƙin ƙirƙira na masu ba da gudummawa.

Lasisin yana yin tasiri ne a wurare biyu. Na farko, idan za ku gyara kompailar kanta ku rarraba ta, GPL zai wajabta muku fitar da gyaran. Komawar GCC zuwa zubi na 3 na lasisin GPL a 2007 ce ta sa Apple da FreeBSD suka tsaya a GCC 4.2.1 na tsawon shekaru kafin su koma Clang. Na biyu, glibc tana ƙarƙashin LGPL ne, wanda ya yarda a haɗa ta da manhajar da ba a buɗe kod ɗinta ba, amma idan an cusa ta cikin fayil ɗin manhajar, dole a bai wa mai amfani hanyar sake haɗa manhajar da wani zubin laburaren. musl tana ƙarƙashin lasisin MIT, babu wannan sharaɗi a kanta. Idan ginshiƙin zai shiga kayan sayarwa, ya kamata lauyan da ya san wannan fanni ya duba tsarin rarrabawar tun kafin a yi nisa.

glibc ko musl?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar dogon zama. glibc ce ke kan mafi yawan kwamfutoci da sabobin Linux, kuma kusan duk ginanniyar manhajar da ba a buɗe kod ɗinta ba, kamar direbobin katin hoto, da ita aka gina. Idan ginshiƙinku zai loda irin waɗannan, ko zai karɓi ƙare-ƙaren da wasu suka gina, wato ƙananan sassan da ake jona wa ginshiƙi domin ƙara masa aiki, to zaɓin ya riga ya ƙare a kan glibc, domin fayil ɗin da aka haɗa da glibc ba ya aiki kai tsaye a tsarin musl.

musl, wadda Rich Felker ya fara fitarwa a 2011, ƙarama ce, kod ɗinta mai sauƙin karatu ne, tana kuma bin POSIX, wato ƙa'idar da tsarukan Unix ke bi, sau da ƙafa. Ita ce ke ƙarƙashin Alpine Linux, wadda ta yi fice a kwantenoni, wato keɓaɓɓun muhallan gudanar da manhaja, saboda ƙanƙantarta. Amma akwai bambance-bambancen da ke shafar ginshiƙi kai tsaye, kuma gara a san su tun farko. Wurin ajiyar wucin gadi da musl ke ware wa kowane zaren aiki, wato sashen manhaja da ke gudana tare da sauran a lokaci guda, kilobait 128 ne, alhali a glibc yawanci megabait 8 ne, don haka kod mai zurfin kiran kansa, ko mai ajiye manyan bayanai a wannan wuri, yana iya faɗuwa a musl bayan ya shekara yana aiki lafiya a glibc. Umarnin `dlclose` ba ya sauke laburare daga ma'adana a musl, abin da zai shafi ginshiƙin da ke loda ƙare-ƙare yana sauke su. Mai raba ma'adana na musl an tsara shi ne domin tsaro da tsimi, kuma yakan yi jinkiri idan zarurruka da yawa na neman ma'adana a lokaci guda, shi ya sa wasu ke maye gurbinsa da jemalloc ko mimalloc. Tallafinta ga bambancin harsuna da yankuna ma taƙaitacce ne. Har zuwa zubi na 1.2.4 da ya fito a 2023, ba ta komawa hanyar sadarwa ta TCP idan amsar DNS, wato ta neman adireshin saba, ta yi girma, lamarin da ya wahalar da masu sabobi ƙwarai.

Ba a nufin waɗannan aibobi ne da za su hana amfani da ita, yawancinsu zaɓi ne da marubutanta suka yi da gangan. A ganinmu, ginshiƙin da ke son yaɗuwa a Linux ya ɗauki glibc a matsayin babban gida, ya kuma saka musl cikin gwaje-gwajensa na kullum. Gwajin da musl yana tona duk inda kod ya jingina da ƙarin da glibc ta yi a kan ƙa'ida, kuma gyara waɗannan wurare yana sauƙaƙa kai ginshiƙin zuwa BSD da macOS daga baya.

Mun gina ginshiƙinmu, amma a kwamfutar wani yana cewa bai samu GLIBC_2.34 ba. Me ya faru?

Kun yi ginin ne a tsarin da ya fi nasa sabunta. glibc tana liƙa lambar zubi ga kowane aiki da ke cikinta, kuma linka tana ɗaukar mafi sabon da ta tarar a kwamfutar gini. Abin da aka gina da tsohuwar glibc yana aiki da sabuwa, amma akasin haka ba ya yiwuwa. Lambar 2.34 ta yawaita a irin wannan saƙo ne domin a wannan zubi na 2021 aka haɗe libpthread da libdl cikin babban laburaren, aka kuma sabunta aikin da ke tayar da kowace manhaja, ta yadda ko ƙaramar manhaja tana neman wannan lamba.

Maganin shi ne a yi gini a kan mafi tsufan glibc da kuka yi alkawarin tallafawa, ko a cikin kwantena ko ta hanyar nuna wa kompaila kwafin tsohon tsarin da `--sysroot`. Al'ummar Python ta bi wannan hanya da tsarin manylinux: manylinux2014 ya dogara da CentOS 7 mai glibc 2.17, bayansa kuma aka koma sanya lambar glibc a cikin sunan, kamar manylinux_2_28, wanda ya yi daidai da RHEL 8. Tsohuwar glibc ba ta nufin tsohuwar kompaila. Red Hat tana fitar da sababbin GCC domin tsofaffin tsarukanta, inda ake cusa sababbin sassan libstdc++ cikin fayil ɗin da aka gina, sauran kuma a aro daga na'urar.

To libstdc++ ko libc++?

A Linux, libstdc++ ce kowa ke da ita, kuma ginshiƙin da ya zaɓi libc++ a can ya ɗora wa masu amfani da shi nauyin sake gina duk wani laburaren C++ da za su haɗa da shi. A macOS da Android da FreeBSD kuwa libc++ ce ta gida. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi na gida a kowace babbar manhaja.

Dalilin tsananin shi ne `std::string` na ɗaya ba shi ne na ɗayan ba, tsarinsu a ma'adana ya sha bamban. Idan an yi sa'a, linka za ta ƙi haɗa su domin sunayen sun bambanta. Idan ba a yi sa'a ba, misali abin yana ɓoye a cikin wani tsarin bayanai, ginin zai kammala lafiya, manhajar kuma ta riƙa lalata ma'adana a ɓoye. Ko a cikin libstdc++ kanta an taɓa samun irin wannan rabuwa: a GCC 5 ta 2015 an sauya tsarin `std::string` da `std::list` domin cika sharuɗɗan C++11, aka bar tsohon da sabon a laburare guda, ana zaɓa da alamar `_GLIBCXX_USE_CXX11_ABI`. Manyan ayyuka da dama sun ɗauki shekaru suna rarraba fayilolinsu da tsohon tsarin saboda masu tsofaffin na'urori.

Darasin da ke nan ga mai tsara ginshiƙi shi ne ya rage abin da ke ƙetare iyakarsa. Inda ƙare-ƙaren wasu za su shigo, ƙofar da aka rubuta da C zalla ta fi dawwama. Qt tana ɓoye cikin azuzuwanta a bayan manuni guda domin girman ajin kada ya sauya, kuma da wannan dabara take cika alkawarin cewa abin da aka gina da ƙaramin zubi zai yi aiki da waɗanda suka fito bayansa. Ku ɓoye duk sunan da ba na jama'a ba da `-fvisibility=hidden`, ku kuma riƙa kwatanta kowane sabon zubi da na baya da `abidiff`, manhajar gano sauyin ABI, kafin fitarwa.

Me zai hana mu cusa dukkan laburarorin cikin fayil ɗinmu mu huta?

Ga ƙaramar manhaja mai zaman kanta, wannan hanya ce mai kyau, musamman da musl, wadda aka tsara domin haka. Da glibc abin bai cika ba, domin neman sunan saba da bayanan masu amfani da juya haruffa duk suna loda wasu laburarori a lokacin aiki, don haka fayil ɗin zai ci gaba da neman glibc a na'urar.

Ga ginshiƙi kuwa akwai haɗari biyu. Idan ginshiƙin ya cusa nasa kwafin laburaren C++, manhajar da ke kansa ma ta zo da nata, to kwafi biyu ne ke aiki a wuri guda, kuma ma'adanar da ɗaya ya raba ɗayan ya saki, ko kuskuren da aka jefa a nan aka so cafkewa a can, duk suna iya kawo faɗuwa. Takardun kayan ginin Android sun yi gargaɗi a fili kan wannan ga manhajar da ke da laburarori fiye da ɗaya. Haɗari na biyu na tsaro ne. Lokacin da aka bayyana ɓarakar GHOST a glibc a Janairun 2015, da ta `getaddrinfo` a Fabrairun 2016, sabunta laburare guda a na'ura ya wadatar da duk manhajojin da ke aronsa. Wanda ya cusa laburare cikin fayil ɗinsa, shi ne zai sake gini ya rarraba, sannan duk wanda ya ɗora aiki a kansa ya yi haka. Wanda ya zaɓi cusawa ya ɗauki alhakin bibiyar sanarwar tsaro ta kowane laburare da ya cusa, har tsawon rayuwar ginshiƙin.

Yaya batun yake a Windows da macOS?

A Windows akwai yarjejeniyoyi biyu na C++ da ba sa haɗuwa: ta kompailar Microsoft da ta MinGW-w64. Kompailar Microsoft ba buɗaɗɗiya ba ce, ko da yake kamfanin ya buɗe kod ɗin laburarensa na C++ a 2019. Idan yawancin masu amfani da ginshiƙinku da Visual Studio suke aiki, `clang-cl` ce buɗaɗɗiyar kompailar da ke fitar da abin da zai haɗu da nasu. Idan kuma kun zaɓi MinGW-w64, ku gina a kan UCRT, laburaren C da ke zuwa tare da Windows 10 da waɗanda suka fito bayanta, ku bar tsohon MSVCRT wanda bai cika ƙa'idar C99 ba. Kada a miƙa buɗaɗɗen fayil ko ma'adanar da za a saki tsakanin sassan da aka gina da laburaren C mabambanta.

A macOS zaɓin kaɗan ne. Laburaren tsarin na Apple ne, ba a cusa shi cikin fayil, kuma libc++ ce ta gida tun 2013. Abin lura shi ne lambar zubin Clang ta Apple ba ta yi daidai da ta LLVM ba, don haka a binciki ko kompaila tana da fasalin da ake so, kada a dogara da lambarta.

Idan ginshiƙin na ƙananan na'urori ne marasa babbar manhaja fa?

A nan masarrafin ne ke yanke hukunci. Masu ƙera guntun lantarki galibi GCC suke fara tallafawa, ko da yake Clang ta yi ƙarfi a Arm da RISC-V. Laburaren C kuma newlib ne ko picolibc, waɗanda ke barin ku rubuta 'yan ayyukan da ke taɓa na'urar da kanku. Ku auna girman abin da aka gina tun ranar farko, domin `printf` guda mai lissafin ɓangaren lamba tana iya cin kaso mai tsoka na ma'adanar ƙaramin guntu. Ga na'urorin Linux masu masarrafin bit 32 da za su daɗe a bakin aiki, a kula da matsalar 19 ga Janairun 2038, ranar da agogon bit 32 zai cika. musl ta koma agogon bit 64 a zubi na 1.2.0 a 2020, glibc kuma tana ba da shi tun 2.34 idan an nema da `_TIME_BITS=64`. Wannan ma sauyin ABI ne, saboda haka gara a yi shi kafin wasu su fara ɗora aiki a kan ginshiƙin.

Wajen gini domin wani masarrafi dabam, Clang guda tana iya fitar da kod na dukkan masarrafan da ta sani, GCC kuwa sai an gina ta dabam domin kowanne. Buildroot da Yocto da crosstool-NG suna ɗauke wannan wahala.

Wane ne mafi ƙarancin zubin kompaila da ya kamata mu tallafa wa?

Ku duba kompailar da ke zuwa da tsarukan dogon tallafi da masu amfani da ku ke kai, ku tsayar da iyaka a can, ku rubuta ta a takardunku, ku kuma gwada ta a kowane sauyi. Iyakar da ba a gwadawa ba ta daɗewa kafin wani ya karya ta ba da niyya ba. Ɗaga iyakar ya dace ya zo tare da babban zubi da sanarwa tun da wuri, kamar yadda Qt 6 ta wajabta C++17 a 2020.

Ɗaya gefen ma yana buƙatar kulawa. GCC tana fitar da babban zubi sau ɗaya a shekara, LLVM kuma duk wata shida, kuma sababbin sukan ƙi abin da tsofaffin suka yi haƙuri da shi. GCC 10 ta daina haɗe maimaitattun sunayen bayanai na C da kanta. Clang 16 a 2023 da GCC 14 a 2024 sun mayar da kiran aikin da ba a gabatar da shi ba kuskure mai tsayar da gini. GCC 15 ta mayar da C23 harshen da take ɗauka idan ba a faɗa mata ba, inda `bool` ya zama kalmar harshe. Saboda haka ku fayyace zubin harshen da `-std`, kuma kada ku bar `-Werror`, mai mayar da gargaɗi kuskure, a kunne ga masu gina ginshiƙin a wajenku, domin sabon gargaɗi guda zai tsayar musu da gini a kan abin da ba laifinsu ba.

Linka fa, tana da muhimmanci?

Ga saurin gini, ƙwarai. lld ta LLVM da mold, wadda Rui Ueyama ya fitar da zubinta na 1.0 a 2021, sun fi GNU ld sauri nesa ba kusa ba a manyan ayyukan C++. gold kuwa an daina raya ta, kada a fara sabon aiki da ita. Tun da linka ba ta bin manhajar zuwa na'urar mai amfani, sauya ta abu ne mai sauƙi, muddin ba ku rubuta umarnin haɗi na musamman da ɗaya kaɗai ke ganewa ba.

Ta yaya za mu amince da kayan ginin kansu?

Tambayar tsohuwa ce. A jawabinsa na karɓar lambar yabo ta Turing, wanda aka buga a 1984, Ken Thompson ya nuna yadda za a iya dasa mugun abu a kompaila ta yadda zai riƙa kwafar kansa zuwa kowace sabuwar kompaila ba tare da ya bayyana a kod ɗinta ba. Abin da ke hannun tawaga shi ne ta samo kayan gininta daga tushen da aka sani, ta tabbatar da sa hannun lantarki da ke kansu, ta kuma ƙulle ainihin zubin da take fitar da fayiloli da shi. Sannan ta yi ƙoƙarin ganin ginin nata mai maimaituwa ne, wato duk wanda ya ɗauki kod ɗin da kayan gini iri ɗaya ya samu fayil iri ɗaya, bait da bait. Debian ta yi shekaru tana wannan aiki, kuma `SOURCE_DATE_EPOCH` da `-ffile-prefix-map` suna cire lokacin gini da sunan babban fayil ɗin magini daga sakamakon. Ga ginshiƙi wannan ya fi zama dole, domin gurɓataccen fayil guda zai shiga kowace manhaja da aka ɗora a kansa.

Mun riga mun yi zaɓi shekaru da suka wuce. Za mu iya sauyawa?

Kompaila ana iya sauya ta a hankali. Ku fara saka sabuwar cikin gwaje-gwaje ba tare da ta tsayar da aiki ba, ku gyara gargaɗinta ɗaya bayan ɗaya, ku auna sauri da girman fayil, ku tabbatar da `abidiff` cewa fuskar ginshiƙin ba ta motsa ba, sannan ku mayar da ita ta hukuma.

Sauya laburaren C ko na C++, ko barin MSVCRT zuwa UCRT, wani al'amari ne dabam, domin duk ƙarin da wani ya gina a kan tsohon zai daina aiki. Irin wannan sauyi sai a babban zubi, tare da sabuwar lambar `soname`, wato sunan da na'ura ke neman laburaren da shi, ta yadda tsoho da sabo za su zauna a na'ura guda ba tare da karo ba. Ku sanar da masu ɗora aiki a kan ginshiƙin tun kafin zubin ya fito, ku ba su ginin gwaji da za su haɗa ƙare-ƙarensu da shi, ku kuma ci gaba da fitar da gyaran tsaro ga tsohon reshen har zuwa ranar da kuka ayyana musu a rubuce.